Ba Alfarma Aka Yi Musu Ba: Marubuta Baƙar Fata da Labaran Gobe

A watan Agusta na shekarar 2018, a birnin San Jose na jihar Kalifoniya, aka kira sunan N. K. Jemisin karo na uku a jere domin ta karɓi kyautar Hugo ta gwarzon littafi. Hugo ita ce lambar yabo mafi shahara a fagen ƙagaggun labaran kimiyya da almara, wato labaran da ake ginawa a kan duniyar da ba ta zo ba tukuna, ko wadda ba a taɓa yi ba. Tun da aka fara bayar da ita a 1953 babu marubucin da ya taɓa lashe wannan rukuni shekara uku a jere, kuma kafin 2016 babu baƙar fatar da ya taɓa lashe shi ko sau ɗaya. Jemisin ta yi duka biyun da littattafai uku na labari guda.

Tun kafin wannan rana akwai wata magana da ke yawo a tsakanin wasu masu karanta irin waɗannan littattafai, har yau kuma ba ta mutu ba. Cewa suke marubuta baƙar fata baƙi ne a wannan fage, jiya-jiya suka shigo, kuma kyaututtukan da suke samu alfarma ce da ake yi musu don a rage nauyin laifin tarihi. A faɗarsu, a da labarin kimiyya nishaɗi ne na kumbo da taurari, sai waɗannan suka zo suka mayar da shi wa'azin launin fata. Wannan magana ƙafa biyu gare ta, batun baƙunta da batun alfarma, kuma kowace a karye take.

Sun riga mujallun

Galibi ana ƙirga tarihin wannan fage a Amurka daga 1926, shekarar da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories, mutumin da aka sa wa kyautar sunansa. Shekara 67 kafin haka, a 1859, Martin Delany ya fara fitar da labarinsa mai suna Blake kashi-kashi a wata mujallar baƙaƙen fata. Labari ne na bawa da ya gudu, ya zaga jihohin kudancin Amurka yana ƙulla shirin tawaye a asirce, ya ƙetara zuwa Kyuba da nufin kafa ƙasar 'yantattu. A lokacin da aka buga shi bauta tana kan ganiyarta, don haka abin da Delany ya rubuta tarihi ne da bai faru ba, irin wanda marubutan baya suka mayar da shi reshe mai zaman kansa. A shekarar da labarin ya fara fitowa, shi kansa marubucin ya taka har Abeokuta yana neman inda baƙaƙen Amurka za su dawo su zauna.

A 1899 Sutton Griggs ya wallafa Imperium in Imperio, labarin wata gwamnatin sirri ta baƙaƙe da ke da mazauni a jihar Texas. Tsakanin 1902 da 1903 Pauline Hopkins ta fitar da Of One Blood, inda wani ɗalibin likitanci da ke ɓoye asalinsa ya gano wani ɓoyayyen birni mai tsohuwar wayewa a yankin Habasha. A 1920 W. E. B. Du Bois, wanda aka fi sani da ilimin zamantakewa da gwagwarmaya, ya rubuta gajeren labari a kan wata tauraruwa mai wutsiya da iskarta ta hallaka mutanen New York. Mutum biyu suka tsira, wani baƙar fata ɗan aiken banki da aka tura ƙarƙashin ƙasa, da wata farar fata 'yar masu kuɗi. Muddin suna zaton su kaɗai suka rage a duniya, mutum ne shi a idonta. Da aka gano sauran ƙasar tana nan lafiya, sai ga taron Turawa suna neman su rataye shi don an same shi tare da ita.

A 1931 kuma George Schuyler ya zo da Black No More, labarin wani likita da ya ƙirƙiro hanyar mayar da baƙi fari cikin kwana uku. Maimakon wariya ta ƙare sai ƙasar ta ruɗe, domin 'yan siyasa da masu wa'azi da 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu duk da ita suke cin abinci. Wannan shi ne ainihin aikin labarin kimiyya: a sauya abu ɗaya a duniya, a zuba ido a ga abin da zai rushe. Schuyler ya yi shi shekara biyar kacal bayan kafuwar mujallar Gernsback. Wanda ya kira zuriyar waɗannan mutane baƙi, tarihin gidan da yake taƙama da shi ne bai sani ba.

Wanda ya riƙe ƙofa

Tambayar da ta dace ita ce me ya sa aka daina ganinsu da mujallun suka kafu. Amsar tana da suna. John W. Campbell ya riƙe editan mujallar Astounding, wadda daga baya ta koma Analog, daga 1937 har rasuwarsa a 1971. Ta hannunsa labaran Foundation na Isaac Asimov da Dune na Frank Herbert suka fara isa ga jama'a. A zamaninsa, wanda ya karɓa ya shiga, wanda ya ƙi kuwa sai ya nemi wata hanya.

A 1967 aka miƙa masa littafin Nova na Samuel R. Delany, wani matashi haifaffen unguwar Harlem, wanda ba shi da dangantaka da Martin Delany in ban da suna. Ba ɗan koyo ba ne. Ya wallafa littafinsa na farko a 1962 yana ɗan shekara 20, kuma 'yan watanni kafin nan ƙungiyar marubutan fagen ta ba shi kyautar Nebula saboda Babel-17. Campbell ya mayar da littafin, kuma dalilin da ya bai wa wakilin marubucin shi ne ba ya jin masu karanta mujallarsa za su iya sa kansu a matsayin jarumi baƙar fata. Delany da kansa ya ba da wannan labari a wata maƙala da ya rubuta a 1998. A duba abin da kyau. Makarantan da suka saba bin labarin halittu masu ido uku daga wata duniya, su ne aka ce ba za su iya bin kyaftin ɗin jirgi ba don mahaifiyarsa 'yar Senegal ce. Delany ya tara Nebula huɗu kafin ya cika shekara 30.

Bayan shekara 20 al'adar ba ta sauya ba, salo kawai ta sake. A 1987 aka buga Dawn na Octavia Butler. Jarumar littafin, Lilith Iyapo, baƙar fata ce, amma farar mace aka zana a bangon bugun farko. Kamfanin ɗab'i ya yarda labarin zai sayu, fuskar mai labarin ce yake tsoro.

Ita Butler ɗin 'yar mai aikatau ce a gidajen Turawa a Pasadena, mahaifinta mai goge takalma ya rasu tana ƙarama. Ta yi wanke-wanke, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, tana tashi tun cikin dare ta yi rubutu kafin ta tafi aiki. A 1984 ta ci Hugo da gajeren labari, a shekarar da ta biyo baya ta sake ci, a 1995 kuma ta zama marubuciyar labaran kimiyya ta farko da ta sami tallafin MacArthur. Duk da haka, littafinta bai shiga jerin mafiya ciniki na jaridar New York Times ba sai a 2020, shekara 14 bayan rasuwarta. Idan alfarma ce ake rabawa, ta makara ƙwarai.

Har a wannan ƙarni ƙofar ba ta buɗe yadda ake zato ba. A 2016 mujallar Fireside ta ƙirga gajerun labarai 2,039 da mujallun fagen 63 suka buga a 2015, ta tarar 38 ne kacal na marubuta baƙar fata, wato ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Wannan ita ce shekarar da ake ta kururuwa cewa sun mamaye gida. Martanin marubutan shi ne suka kafa mujallarsu, FIYAH, wadda ta fara fitowa a 2017 ta kuma ci Hugo a 2021.

Abin da suka shigo da shi

Batun cewa sun cusa siyasa a inda babu ita shi ya fi sauƙin rushewa, domin siyasar tana nan tun ran gini, tun ran zane. A babin farko na The War of the Worlds na 1898, H. G. Wells da kansa ya tunatar da Turawan Ingila abin da 'yan uwansu suka yi wa mutanen Tasmaniya, kafin ya sauko musu da maharan duniyar Mas. Wato roƙon mai karatu yake ya ɗan ɗanɗana, a cikin littafi, abin da wasu suka sha a zahiri. Manyan jigogin fagen duk haka suke: baƙin halittu su sauko da makaman da ba a san irinsu ba, su kwashi mutane a jirgi zuwa wata duniya, su raba su da harshensu da sunansu, su mayar da jikinsu kayan aiki. Ga Bature wannan mafarki ne mai ban tsoro. Ga jikan wanda aka ɗauka daga gaɓar Afirka ta Yamma aka sauke a Karolina, tarihin gidansu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ya sa abubuwan da suka tsufa a hannun wasu suke sabunta a hannunsu. Tafiya cikin zamani, alal misali, an daɗe ana amfani da ita kamar yawon buɗe ido. A Kindred na 1979 Butler ta ɗauki Dana, matar aure a Los Angeles ta 1976, tana jefa ta gonar bayi a Maryland duk lokacin da wani yaro farar fata ya shiga hatsari. Yaron kakanta ne na nesa, kuma zai girma ya zama azzalumi. In ta bar shi ya mutu, ita ma ba za a haife ta ba. Dana ta dawo gida daga tafiyar ƙarshe babu hannu ɗaya. Babu wani darasin tarihi da ya bayyana tabon bauta kamar wannan hannu. A Wild Seed na 1980 kuwa Butler ta fara labarin ne a ƙasar Ibo a 1690, da wata mata mai suna Anyanwu wadda ba ta mutuwa, don haka ta ga cinikin bayi tun daga wannan gaɓa har waccan.

Ko a ma'aunin da masu suka suka fi so, wato hangen gaba, Butler ta cika mudu. Parable of the Sower, wanda ya fito a 1993, ya fara ne a shekarar 2024 a kusa da Los Angeles, inda fari da gobara suka yi yawa, ruwan sha ya fi fetur tsada, masu hali suka kewaye unguwanninsu da katanga. A ci gabansa na 1998 akwai ɗan takarar shugaban ƙasa mai fakewa da addini wanda ke alkawarin maido wa Amurka ɗaukakarta. Butler ba duba ta yi ba. Ta kalli abin da ke gabanta ne daga ƙasan tsani, inda ake fara jin girgiza. A 2021 hukumar NASA ta sa sunanta a wurin da na'urar Perseverance ta sauka a duniyar Mas.

Littattafan Jemisin uku suna kan wannan turba. Nahiya ce da girgizar ƙasa ke tarwatsawa lokaci bayan lokaci, kuma akwai wasu mutane da aka haifa da ikon kwantar da ita. Daular ba za ta rayu ba sai da su, amma ta mayar da su bayi, jama'a kuma suna kashe 'ya'yansu in sun gane su. Labarin ya buɗe da uwa da ta tarar mijinta ya kashe ɗansu saboda haka. Jemisin ta rubuta babban kaso na littafin tana kiran jarumar da “ke”, salon da marubuta ke gudu don wuyarsa, kuma sai can gaba mai karatu zai gane wanda ke magana da dalilinsa. Mai neman gwaninta ga ta nan. Mai neman duwatsu masu aman wuta da birane masu rushewa, su ma suna nan.

Ranar ƙuri'a

Zargin alfarma ya taɓa zuwa gaban alƙali. Ba wani kwamiti ne ke bayar da Hugo a ɓoye ba. Duk wanda ya biya kuɗin zama mamba na babban taron shekara na masoya fagen yana da ƙuri'a. Daga 2013 wasu marubuta, ƙarƙashin jagorancin Larry Correia sannan Brad Torgersen, suka kafa wani gungu da suka kira Sad Puppies, wato kwiyakwiyai masu baƙin ciki, suna cewa an ƙwace kyautar daga hannun masu labarin nishaɗi. Wani gungun da ya fi su zafi ya biyo baya ƙarƙashin Theodore Beale, mutumin da ƙungiyar marubutan ta kora a 2013 bayan ya ci mutuncin Jemisin da kalaman wariya. A 2015 suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takara da mutanensu.

Da aka zo zaɓen ƙarshe a Spokane, mutum kusan 6,000 suka jefa ƙuri'a, adadin da ba a taɓa gani ba. A rukuni biyar masu zaɓe suka gwammace kada a ba kowa kyautar da a ba 'yan jerin, alhali a duk tarihin Hugo kafin ranar sau biyar kawai aka taɓa yin haka. A shekara ta gaba Jemisin ta ci gwarzon littafi, Nnedi Okorafor ta ci na matsakaicin labari da Binti. Hassada ga mai rabo taki ce. Waɗanda suka ce jama'a na tare da su sun kai ƙara gaban jama'ar, hukuncin kuma bai yi musu daɗi ba.

Gaskiya ne kyaututtuka ba su rasa son rai, kuma akwai littattafan marubuta baƙar fata da aka yaba fiye da kima, kamar yadda ake yi wa na kowa. Sai dai tsawon shekarun da Campbell ke rufe ƙofa babu wanda ya ce nasarar Turawa alfarma ce, alhali su ne suka yi tsere a filin da aka hana wasu shiga. Gidan ma ya fara duba kansa. A 2011 Okorafor ta ci kyautar World Fantasy da Who Fears Death, sai ta tarar kambun da aka ba ta mutum-mutumin kan H. P. Lovecraft ne, marubucin da ya taɓa yin waƙa yana siffanta baƙar fata da rabin dabba. Ta yi rubutu a kan abin da ake ji in an ajiye irin wannan a falo, muhawara ta tashi, a 2015 aka sanar da daina amfani da shi. A 2019 aka cire sunan Campbell daga kyautar sababbin marubuta.

Ɓangaren da ya shafi gida

Akwai wata siga ta wannan raini da ba daga Amurka take zuwa ba. A Afirka ma akwai masu ilimi da ke ganin labarin kumbo da aljanu shirme ne na yara, marubucin kirki kuwa shi ne wanda ya tsaya a kan talauci da mulkin mallaka da cin hanci. Wannan ra'ayi ƙanin na Campbell ne, domin shi ma cewa yake baƙar fata yana da jiya da yau, gobe kuwa ta wasu ce.

Adabin nahiyar ya ƙaryata shi tun da daɗewa. D. O. Fagunwa ya shiga dajin aljanu da Yarbanci a 1938, Amos Tutuola ya bi sawu da Turanci a 1952. Littattafan da aka fara ƙagaggen labarin boko na Hausa da su bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, cike suke da aljanu da ƙasashen al'ajabi, kuma babu wanda ya ce ba adabi ba ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki wani yaro mai suna Kilba aka zaga da shi sararin samaniya. Kusan shekara 50 ke nan bayan tauraruwar Du Bois, ga wata ta ɓullo da Hausa daga Zariya.

A yau marubutan Najeriya suna gaba-gaba. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin wani gari da ya tsiro a kewayen baƙuwar halitta a Najeriyar 2066. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci Nebula a 2022 da labarin ƙasar da iskar shaƙa ta zama abin saye. Mujallar Omenana tana buga irin waɗannan labarai tun 2014, kyautar Nommo ta marubutan Afirka kuma ta fara a 2017. Okorafor, wadda aka haifa a Amurka ga iyaye 'yan ƙabilar Ibo, ta ƙi yarda a cusa aikinta cikin laƙabin da aka ƙirƙira don baƙaƙen Amurka, ta ce nata daga Afirka yake kallon duniya. Tana da hujja, domin tara kowane baƙar fata a kwando ɗaya shi ma wani raini ne.

Biyu daga cikin littattafanta sun taɓo yankin Sahel kai tsaye. The Shadow Speaker na 2007 yana faruwa ne a Nijar a shekarar 2070. Noor na 2021 kuma ya bi wata mata mai gaɓoɓin ƙarfe da wani Bafulatani makiyayi suna gudun ceton rai zuwa hamadar arewacin Najeriya, inda wani katafaren kamfani ke tatsar iska yana sayar da lantarki. Ke nan ana riga ana rubuta goben Kano da Damagaram, ana karanta ta a London da New York, kuma daga irin waɗannan littattafai masu shirya fim da masu ƙera na'ura da yaran da za su zama injiniyoyi ke ɗebo hoton duniyar da za su gina. Al'ummar da ba ta cikin hoton, ba da ita za a yi lissafi ba.

Martin Delany ya fahimci haka a 1859, shi ya sa ya rubuta 'yanci tun bayi suna cikin mari. Du Bois da Schuyler da Butler sun yi nasu ba tare da jiran izinin edita ba. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi da dama, tana da kasuwar littafi mai rai da dubban marubuta a intanet, kuma Umaru Dembo ya nuna tun shekara fiye da 50 da suka wuce cewa harshen zai iya ɗaukar kumbo. Wanda ya gaji wannan, in ya bar goben garinsu a hannun wasu, ba Campbell zai zarga ba.